Me ya sa har yau ba a gama zana taswirar ƙasar ƙanƙara ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karanta ilimin taswira. A darasi an ce mana har yanzu ana kan aikin zana ƙasa da hanyoyin ruwa a can ƙuryar arewacin duniya, inda ake kira tundura. Abin ya ɗaure mini kai. Wurin da babu bishiya, babu gini, babu abin da zai tare wa tauraron ɗan'adam gani, ai ina ganin ya fi ko'ina sauƙin zanawa. Me ya hana a ɗauki hoto sau ɗaya a huta? Kuma yaya ake yin aikin a zahiri?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayarka biyu ce a haɗe: me ya sa fili fetal yake ba masu taswira wahala, sannan da wane irin kayan aiki ake tunkararsa. Ni ma da irin tunaninka na tafi, lokacin da karatu ya kai ni Kanada aka haɗa ni da masu aikin awo a yankin da kogin Mackenzie yake shiga teku. Bazara biyu na yi ina zuwa can, kuma da wannan yankin zan riƙa ba ka misali, don shi ne ƙafata ta taka.

Hoton da kake magana an ɗauka, ba sau ɗaya ba, ba sau dubu ba. Babu wani taku na ƙasar nan da ba a gani daga sama ba. Matsalar ita ce abin da aka ɗauka ɗin ba ya zama yadda aka bar shi.

Ƙasar da ruwa ba ya nutsewa

Tundura ƙasa ce da sanyi ya hana bishiya tsayawa, sai gansakuka da ciyawa da 'yan gajerun tsirrai. Amma abin da ya fi damun mai taswira yana ƙarƙashi. In ka haƙa, ba za ka yi nisa ba za ka tarar da ƙasa daskararriya kamar dutse, wadda ba ta narkewa rani da damina, a wasu wuraren kaurinta ya kai ɗaruruwan mitoci. Ɓawon sama ne kawai yake narkewa in zafi ya zo, daga kamar kamu ɗaya zuwa mita ɗaya da wani abu, ya sake daskarewa in sanyi ya dawo.

To, ka ga ruwa ba shi da hanyar nutsewa. Abin mamaki, ruwan sama da dusar ƙanƙarar da ke sauka a can kaɗan ne, wasu sassan ma hamada ake lissafa su, amma duk inda ka duba ruwa ne kwance, don kamar an zuba shi ne a faranti. A bakin kogin Mackenzie kaɗai, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 13,000, an ƙirga tafkuna fiye da 40,000, ga rassan kogi sun sarƙe a tsakaninsu kamar saƙar gizo-gizo.

Kuma a cikin daskararriyar ƙasar nan akwai ƙanƙara zalla, gunduma-gunduma. Wata tana tsaye cikin tsagar ƙasa kamar an buga weji, ita ce take tsaga fuskar ƙasa gida-gida irin bayan kunkuru. Duk ranar da irin wannan ƙanƙarar ta narke, ƙasar da ke kanta sai ta lotsa, ruwa ya taru a lotsin, ruwan ya ƙara narkar da gefe, tafki ya haifu. Yana nan yana cin gaɓarsa shekara da shekaru, har ranar da zai ɓalle ta wani gefe mai gangare ya tsiyaye. A 2007 tafkin Zelma da ke Old Crow Flats a yankin Yukon, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 12, ya ɓalle ya zubar da mafi yawan ruwansa cikin ɗan lokaci. Mutanen Vuntut Gwitchin sun daɗe suna farauta da ɗana tarko a wurin, yana cikin kowace taswira da shuɗin launi, sai ga shi ya koma taɓo. A Siberiya kuwa, wani bincike da aka buga a 2005 ya kwatanta hotunan farkon shekarun 1970 da na ƙarshen shekarun 1990, ya tarar manyan tafkuna sun ragu daga 10,882 zuwa 9,712, kuma 125 daga ciki sun ƙafe ƙaf.

Ba nan abin ya tsaya ba. Inda tafki ya tsiyaye, sanyi yakan shiga ƙasan da ruwa ya bari, ruwan cikin yashi ya daskare ya kumbura, ya ɗaga ƙasa ta zama tudu mai ƙanƙara a ciki. Pingo suke ce masa. A yankin Tuktoyaktuk akwai wajen 1,350, babbansu Ibyuk ya kai mita 49. Wato inda kakanka ya zana tafki, jikanka zai iya zana tudu. Wani masani ɗan Kanada, J. Ross Mackay, don ya ga yadda abin ke faruwa da idonsa, da gangan ya tsiyaye wani ƙaramin tafki mai suna Illisarvik a 1978, aka ci gaba da auna ƙasansa shekara bayan shekara.

Yadda na farko suka yi

Tarihin ba zan ja shi ba, amma akwai darasi a ciki. A 1771 Samuel Hearne ya isa inda kogin Coppermine yake shiga teku, da ƙafa, kuma ba don wani jagora ɗan ƙabilar Dene mai suna Matonabbee ba da bai kai ba, don sau biyu ya gwada kafin nan ya dawo hannu rabbana. Da ya zo sa wurin a taswira, sai ya tura shi arewa da wajen digiri huɗu fiye da inda yake. A 1789 Alexander Mackenzie ya bi kogin da mutanen Dene ke kira Deh Cho, wanda yau ake kira Mackenzie, yana sa ran zai fitar da shi tekun Fasifik, sai ya tsinci kansa a tekun ƙanƙara. Tawagar John Franklin ta 1819 zuwa 1822 ta je auna gaɓar teku, fiye da rabin mutanenta ba su dawo ba, yawancinsu yunwa ce ta kashe su. A 1893 J. B. Tyrrell na hukumar binciken ƙasa ta Kanada ya bi kogin Dubawnt a kwalekwale ya ratsa tsakiyar filin, yana auna tafiya yana zanawa.

Duk waɗannan zare suka zana a kan farar takarda: kogin da aka bi da abin da ido ya hango a gefensa. Jirgin sama ne ya cike tsakanin, bayan yaƙin duniya na biyu. Don ka san girman giɓin da ke akwai, tsibirin Prince Charles, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9,500, sai a 1948 ya shiga taswira, bayan jirgin sojan saman Kanada ya ɗauko hotonsa. Taswirorin Kanada masu ma'aunin 1:50,000 kuwa sai a 2012 aka kammala su. Da yawa daga cikin na arewa an zana su ne daga hotunan da suka shekara hamsin ko fiye, kuma ka riga ka ji abin da shekara hamsin take yi wa tafki.

Kayan aikin da muka saba da su suna rikicewa

Fara da kamfas. A Kano ko Damagaram bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, har ana mantawa da shi. A can bambancin digiri ne masu yawa, kuma yana sauyawa, don shi kansa matattarar maganaɗisun, wato wurin da allurar kamfas take nufa, tafiya yake. James Clark Ross ya same shi a zirin ƙasar Boothia a 1831. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 ya ƙara sauri, har ya kai wajen kilomita 50 a shekara, ya nufi Siberiya, abin da ya sa a farkon 2019 aka sabunta lissafin maganaɗisun duniya tun lokacinsa bai yi ba. In ka matsa kusa da shi, allurar ma ƙasa take son nunawa, ta yi ta lilo ba ta tsayawa.

GPS yana aiki, kada wani ya ce maka ba ya yi. Amma taurarinsa suna kewaya ne a karkace da digiri 55, don haka a can nesa ba sa zuwa tsakar ka, sai su yi ta yawo a gefen sama. Wurin da kake tsaye yana fita da kyau, amma tsayi yana da rauni, kuma tsayin ne muka fi buƙata.

Sai shimfiɗa taswirar kanta. Tsarin Mercator da wayarka take amfani da shi yana kumbura arewa, shi ya sa Girinlan take fitowa kamar girman Afirka alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma a Kano kusan kilomita 109 ne, a digiri 70 arewa kuwa kusan 38. Saboda haka yankunan UTM, tsarin da ya yanka duniya yanki-yanki daga arewa zuwa kudu don awo, waɗanda uku kacal suka ɗauke Najeriya gaba ɗaya, a can sirara ne, ƙaramin aiki sai ya tsallaka biyu ko uku. Shi ya sa ake komawa tsarin da ya ɗauki ƙuryar duniya a matsayin tsakiya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne turke. Mu nan in safiyo ya kafa turken siminti ya rubuta tsayinsa, sai dai mutum ya tone shi ko zaizaya ta ci. A can ƙasa da kanta take tofo shi: ta daskare ta ɗaga shi, ta narke ta bar shi a karkace. In babu dutsen asali kusa, sai an huda an kafa ƙarfe can cikin daskararriyar ƙasa, a shafe samansa da maiƙo a sa shi cikin bututu don ɓawon sama kada ya riƙe shi. Kai, ko dutsen asalin ma ba a tsaye yake ba. A gefen Hudson Bay ƙasa tana tasowa kusan santimita ɗaya a shekara, tun da nauyin ƙanƙarar zamanin da ya sauka daga kanta.

Abin da ake yi yanzu

Na san a ajinku, in an ce a fitar da magudanan ruwa, awon tsayin ƙasa na SRTM ake saukewa a ba kwamfuta. Wannan awon kumbon Endeavour ne ya yi shi a watan Fabrairu na 2000, kuma ya tsaya ne a digiri 60 arewa. Daga nan zuwa sama babu shi. Shekaru aka yi masu aikin arewa suna lallaɓawa da tsofaffin layukan tudu, kafin a samar da ArcticDEM, wanda Amurka ta ba da sanarwarsa a 2015, wata cibiya a Jami'ar Minnesota ta jagoranci haɗa shi. Hotuna bibbiyu ake ɗauka na wuri ɗaya daga kusurwa daban, a fitar da tsayi kamar yadda idanunka biyu suke gane nisa, kowane ɗigo mita biyu.

Ci gaba ne babba, amma ga inda gizo ke saƙar. Dokar da kwamfuta ta sani ɗaya ce: ruwa yana bin gangare. A ƙasar da ka yi tafiyar kilomita ba ta sauka da kamu biyu ba, kuskuren awon ya fi gangaren kansa girma. Ƙari a kan haka, saman abin da aka gani ake aunawa: in tsiro ne kan tsiron, in dusar ƙanƙara ce ta cike kwari samanta, a kan ruwa kuwa lissafin yakan watse. Sai kwamfuta ta zana maka rafi tsaf-tsaf mai kyan gani inda babu shi.

Na sha wannan da kaina. A bazarata ta farko na kwana biyu ina fitar da magudanar wani jerin tafkuna a tudun da ke arewa da Inuvik, lissafi ya nuna suna zuba gabas. Da muka sauka na tsaya a mashigar na jefa ɗan ganye, sai ya nufi yamma. Wata 'yar tsaga ce da ba ta fi taku ɗaya ba, ta bi kan ƙanƙarar da ta narke a ƙarƙashin ciyawa, ita take kwashe ruwan duka, kuma daga sama ba a ganinta. Tun ranar na yarda zuwa da kai ya fi aike.

Hotunan gani da ido, irin na Landsat da ke aiki tun 1972 da Sentinel-2 mai ɗigon mita 10, su ne ake bin tarihin tafkuna da su, musamman tun da aka saki taskar Landsat kyauta a 2008. Sai dai tagarsu ƙarama ce. A Inuvik rana takan yi kwana 30 ba ta fito ba a hunturu, dusar ƙanƙara tana rufe ƙasa fiye da rabin shekara, in bazara ta zo kuma gajimare da hazon teku su tare. Akwai shekarar da za ka tashi da tsabtataccen hoto ɗaya ko biyu kacal.

Nan ne rada, na'urar da ke aika igiyar rediyo ƙasa ta auna dawowarta, take da rana, don ba ruwanta da duhu ko gajimare. Kanada ta harba RADARSAT-1 a 1995, Turai ta harba Sentinel-1 a 2014. Akwai wata dabara da nake so ƙwarai. A ƙarshen hunturu ƙanƙarar tafki takan kai kusan mita biyu. In akwai sauran ruwa a ƙarƙashinta, rada tana dawowa da ƙarfi, wurin ya yi haske a hoto. In tafkin ya daskare har ƙasa, sai ya yi duhu. Ka ga ba ka jiƙa ƙafa ba ka san wane tafki ne ya fi kaurin ƙanƙara zurfi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a irin waɗannan tafkunan ne kawai kifi yake iya wuce hunturu, kuma daga su ake ɗiban ruwan gina hanyar ƙanƙara. Ga kuma ICESat-2 na 2018 da ke auna tsayi da leza, wanda ake daidaita sauran awo da shi, da SWOT na Disambar 2022 da aka ƙera musamman don auna tsayin fuskar ruwa, yana kaiwa har digiri 78.

In aiki na gini ne, kamar hanyar Inuvik zuwa Tuktoyaktuk mai kilomita 138 da aka buɗe a Nuwambar 2017, tauraro bai isa ba. Leza ake ɗaura wa jirgi ya bi layin, sannan mutane su bi da ƙafa, don a san inda za a sa kwalbati. Kwalbatin da aka sa ba daidai ba yana tare ruwa, ruwan da ya kwanta kuma ya narkar da ƙasan da ke ɗauke da titin.

Ina ne bakin ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya, kuma ba na'ura ce take amsa ta ba. Mackenzie daga kudu yake gangarowa arewa, tafiyar kilomita 1,738 daga tafkin Great Slave. Kudu take fara narkewa, ruwa ya taho ya tarar da bakin kogi a toshe da ƙanƙara. Sai ƙanƙarar ta cushe ta zama madatsa, ruwa ya hau, a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ya malale cikin tafkuna. Da ya janye, wasu tafkunan suna nan haɗe da kogi duk bazara, wasu suna yankewa bayan 'yan makonni, wasu kuma sai shekarar babbar ambaliya ruwa yake kai musu. Abin da ya raba su tsayin ɗan bakin mashigarsu ne kawai. To, layin da za ka zana tsakanin tafki da kogi, na wane wata ne? Wanda ya taɓa ƙoƙarin zana iyakar ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ko a gaɓar tafkin Chadi ya san ciwon: hoton Oktoba da na Afrilu kamar ba wuri ɗaya ba.

Ra'ayina, kuma na sha jayayya a kansa da abokan aiki, shi ne a daina zana layi ɗaya. A nuna inda ruwa yake kullum, da inda yake zuwa ya tafi, kowanne da launinsa, a rubuta watan da shekarar hoton a fili ba a ɓoye a ƙasan takarda ba. Masu son taswira mai tsabta ba sa son haka, sun ce tana rikita ido. Ni kuwa na fi son ta rikita ido da ta kai mai kwalekwale mashigar da ta ƙafe.

Kuma hanyar ruwa a can ma'ana biyu gare ta. Wata uku ko huɗu ta kwalekwale ce, sauran shekara kuma titi ce ta babur ɗin ƙanƙara. Wurin da ya fi daɗin bi da kwalekwale saboda ruwa na gudu, shi ne ƙanƙararsa take da rauni a hunturu. Wannan sanin yana wurin mutanen ƙasar, Inuvialuit da Gwich'in. Baƙo ko da ido makaho ne. Mutumin da yake tuƙa mu yakan dubi allon na'urata ya ce wannan reshen ya cike da yashi tun bara, mu zaga, kuma ban taɓa kama shi da kuskure ba. Sunayen wurarensu ma kansu bayani ne, suna faɗin inda kifi yake ko inda barewar karibu take tsallaka ruwa. An taɓa tattara irin wannan sanin a hukumance: tsakanin 1973 da 1976 aka zauna da mafarautan Inuit wajen 1,600, kowa ya zana inda ya yi farauta da tafiya a rayuwarsa. Waɗannan taswirori suna cikin hujjojin da aka tsaya a kai har aka kai ga yarjejeniyar ƙasa ta 1993 da kafa yankin Nunavut a ranar 1 ga Afrilu, 1999.

Iyakar abin da na faɗa

Aikina na bazara ne, a lungu ɗaya. Tundurar da ke kan dutse a tsakiyar Nunavut ba ta motsi kamar ta laka da yashi, a can tsohuwar taswira tana daɗewa da amfaninta, don haka kada ka ɗauki labarin bakin Mackenzie ka shafa wa arewa duka. Sannan hanyoyin da na lissafa kowace tana da makantarta. Rada tana rikicewa in iska ta tayar da fuskar ruwa. Rafin da faɗinsa bai kai ɗigon hoto ba ba ya fitowa, alhali irinsu ne suka fi yawa. Zurfin ruwa mai laka kuwa har yau sai an shiga jirgi an auna, kuma lokacin yin hakan 'yan makonni ne, ga tsadar jirgi mai saukar ungulu, ga sauro da ban taɓa ganin irinsa ba ko a bakin fadama da damina.

In kana son ka gani da idonka, ba sai ka sayi rigar sanyi ba. Hotunan Landsat kyauta ne. Ka nemo Old Crow Flats, ka sauke hoton bazarar 2006 da na bazarar 2008, ka tabbata na wata ɗaya ne, ka fitar da ruwan kowanne ka ɗora su a kan juna, ka duba tafkin Zelma. In ka gama, ka sake yin haka da hoto biyu na shekara ɗaya, na Yuni da na ƙarshen Agusta, ka ƙirga tafkunan da suka sauya girma ba tare da komai ya ɓalle ba. Sai ka turo mini abin da ka samu mu duba tare.